Tambaya Sai Ƙarshe

Jiya da hantsi, a gaban Yallaɓai da ɗalibai biyu 'yan sanin makamar aiki, na shelanta wa duniya cewa kamfaninmu ya san hanyar gidan kowa a intanet ban da gidanmu. Majigi yana haska bango, haruffa manya-manya, babu wanda zai ce bai gani ba. Har yanzu kunnuwana zafi suke yi, shi ya sa na ce gara in rubuta da kaina tun kafin 'yan ofis su gama zuba wa labarin gishiri.

Ƙaramin kamfani ne a Kano, muna sayar wa makarantu da otal-otal da shaguna intanet. Babbar rautarmu tana Legas, a wani gidan ajiyar na'urori, don can wayoyin ƙarƙashin teku suke fitowa, can kuma manyan dillalai biyun da muke saro intanet a hannunsu suke. Manhajar da ke kanta BIRD ce, wadda ta faro a matsayin aikin ɗalibai a Jami'ar Charles ta birnin Prag a ƙarshen shekarun 1990, yanzu kuma take hannun CZ.NIC. Da ita rautarmu take hira da rautocin wasu kamfanoni a yaren da ake kira BGP.

Duk wanda ya taɓa shiga tasha ya san BGP. Kowane kamfani ɗan kamasho ne tsaye a bakin motarsa yana kiran garuruwan da zai iya kai fasinja, wanda ya ji ya yarda sai ya turo nasa mutanen. Mu garuruwanmu kaɗan ne: 'yan rukunan adireshin da AFRINIC ta ba mu, sai na wasu kwastomomi. Su kaɗai ya kamata mu kira. Amma kunnenmu yana jin kiran kowa, domin kowane dillali yana turo mana cikakken jadawalin duniya, hanyoyi sama da 900,000 a IPv4 kaɗai. Abin da ke tsare tsakanin kunne da baki shi ne filtar fita. Ita ke cewa wannan a faɗa, wannan a haɗiye.

A fayil ɗin da na gada, kowane maƙwabci, wato kamfanin da rautarmu take hira da tasa, da tasa filtar, duk kwafin juna ne amma babu biyu da suka zo daidai. In an samu sabon kwastoma sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana ƙara layi, kuma ko me za ka yi sai ka manta ɗaya. Maganin sananne ne. A BIRD ba a miƙa wa filter komai, yadda aka rubuta ta haka take, amma function tana karɓar abin da ka ba ta. Sai ka rubuta function guda, ka miƙa mata jerin adireshi, ka kira ta da export where a cikin template ɗaya, kowane maƙwabci ya gaji wannan. Haka na yi. Zuciyar abin layi biyu ce: in adireshi ba ya cikin jerinmu, a'a, sauran duk e. "Yana ciki" a wajen BIRD alamar ~ ce. "Ba ya ciki" ita ce dai, amma da alamar motsin rai a gabanta, wato !~. Na share tarkace, har da layin export limit mai hana rauta kiran hanyoyi fiye da ƙima, don yana ɓata min tsari. Fayil mai shafuka ya dawo allo ɗaya. Na zauna ina kallonsa ina jin ƙaunarsa.

Irin wannan aiki da tsakar dare ake yi, lokacin da kwastomomi suke barci. To amma da tsakar dare wa zai gani?

Na tara su a ɗakin taro. Na faro daga 1989, yadda Kirk Lougheed da Yakov Rekhter suka zana BGP a kan takardun goge baki a wajen cin abinci, zamanin da masu intanet kusan duk sun san juna, shi ya sa aka gina shi kan yarda. Na kawo na Pakistan a 2008, da aka so toshe YouTube a cikin gida, sanarwar ta tsallake iyaka ta kashe shi a duniya wajen awa biyu. Na sauko gida: ranar 12 ga Nuwamba 2018 hanyoyin Google suka zube daga MainOne a Legas zuwa China Telecom, zirga-zirgar masu neman Google ta riƙa zagayawa ta Rasha da Sin har minti 74, kamfanin kuma ya fito ya ce kuskure ne a saitin filta lokacin gyara. Na girgiza kai irin na tausayi. Na ce, "Mu daga yau mun wuce wannan. Sau ɗaya za mu rubuta, ya yi aiki ko'ina."

Yallaɓai ya gyaɗa kai. Na buga configure check, BIRD ta ce komai lafiya. Ita nahawu kawai take dubawa, ba ruwanta da ko abin da ka faɗa hankali zai ɗauka, amma ban ga dalilin ɓata taro da wannan bayani ba. Ɗalibin namiji ya ce ya karanta akwai configure timeout, wanda in ba ka dawo ka tabbatar ba cikin minti biyar, rauta take komawa tsohon saiti da kanta. Na yi masa murmushi.

"Akwai," na ce. "Na masu shakkar aikinsu ne."

A nan ne yarinyar ta ɗaga hannu.

Ba ta ɗaga shi sama sosai ba. Daidai kafaɗa, biro a tsakanin yatsu, bakin biron yana kallon bango. Ta ce, "Injiniya, wancan layin..." Ni kuwa na riga na rubuta configure, yatsana yana sama. Ko juyawa ban yi ba. Na ɗaga mata tafin hannun hagu na ce, "Tambaya sai ƙarshe." Na sauke yatsa a kan Enter da ƙarfi, don a ji.

BIRD ta ce an sauya. Na juyo ina cewa, "Kun ga amfanin..." ina buga show protocols don su ga layuka a jere duk suna cewa Established. Na farko ba haka yake cewa ba. A gefensa ga saƙon da dillali ya aiko kafin ya katse: an kai iyakar yawan hanyoyi. Na ce wannan tsohon saƙo ne. Na sake bugawa. Haruffa uku suka fito, s, h, o. Na huɗun bai zo ba.

Alamar motsin rai ba ta wurin. Ina ta tafi, ana kan bincike. Ni dai na san na yi niyyar rubuta ta. Yadda layin yake, cewa yake: in adireshi yana cikin jerinmu, a'a, sauran duk e. Rautarmu ta janye adireshinmu daga kowa. Ta ɗauki abin da ta ji daga dillali na ɗaya ta faɗa wa na biyu, na biyun ta faɗa wa na ɗaya, ta haɗa duka ta juye wa maƙwabtanmu na cibiyar musaya, inda kamfanonin intanet suke haɗuwa. Ɗan kamasho ya hau kan mota yana kiran Landan da Makka da Tokyo, ya yi gum a kan Kano. Allah ya taimaka dillalan sun sa iyaka, suna gani suka rufe ƙofa. Kuma da yake daga Kano zuwa Legas layin wani kamfani muke bi, a cikin rufaffiyar hanya wadda bakinta na can adireshinmu ne, adireshin na ɓacewa hanyar ta ɓace da ni a ciki. A tsohon fayil, maƙwabci ɗaya kuskuren zai taɓa. Ni na yi alkawarin ko'ina, kuma an cika.

Tun 2017 akwai ƙa'idar RFC 8212 da ta ce wanda bai rubuta filta ba kada rautarsa ta faɗi komai. Ita kanta BIRD in filta ta ƙare ba ta ce e ko a'a ba, sai ta rubuta maka a kundinta cewa ka tsai da magana. Duk an tanadi kariya ga mai mantuwa da mai inda-inda. Tawa filtar ta tsai da magana.

Allon ya daskare, majigi kuma bai san kara ba, ya ci gaba da haskawa. A ƙasa ga s, h, o. A sama ga function ɗina, ga alamar ~ ita kaɗai, ta kai faɗin tafin hannu, da ɗan fili a gabanta inda ya kamata 'yar uwarta ta tsaya. Na bi bakin biron yarinyar da ido. Can yake nunawa. Hannun nata bai ma gama sauka ba. Fanka tana juyawa. Yallaɓai yana jan allon wayarsa ƙasa da babban yatsa yana saki, yana ja yana saki. Bakina a buɗe yake har lokacin, rabin maganar "amfanin" tana ciki. Daga can gaba wayar ofis ta fara ƙara, ta biyu ta amsa mata.

Cikin ladabi, murya ƙasa-ƙasa, yarinyar ta ce, "Injiniya, yanzu ne ƙarshen?"

Tun jiya nake maimaita wurin nan. Ina alwala, hannun hagu ya zo wanki, na tsaya ina kallonsa. A ina ya koyi wannan ɗagawar? Ban taɓa yi wa kowa ita ba. Ina cin tuwo na ji ƙarar Enter ɗin, ƙwas, irin ta wanda yake son a tuna da shi. A kan gado na gwada gyara abin: na juya, na ce "faɗi mana," ta faɗa, na ce "madalla, dama gwada ku nake yi," aka tafa. Sai in sake rufe ido in ga hannun ya kuma tashi da kansa. Tsakanin "wancan layin" da ƙwas bai kai numfashi ɗaya ba, amma na shiga cikinsa na zauna, na san kowane lungunsa.

A ɗakin taron dai, ana cikin haka Baba mai gadi ya yi sallama, wai ya ji wayoyi suna ta kuka ba mai ɗauka. Baba tsohon ma'aikacin waya ne, ya hau turaku tun zamanin tarhon da ake juyawa da yatsa, kuma a wajensa tun daga lokacin ba a ƙirƙiro sabuwar matsala ba. Ya dubi bango, ya dube ni, ya gyara hula.

"Injiniya, a kashe a kunna."

"Baba, na'urar tana Legas."

"To a kashe ta nan, ta can za ta ji."

Ya nufi soket. Abin da ke jikinsa majigi ne da butar shayi. Ɗalibin namiji ya tare shi, ni kuwa a raina na so a bar shi ya cire majigin.

Yallaɓai ya ce in kira dillali, kuma in sa kowa ya ji. Wanda ya ɗauka mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba. Ya ce iyakar da suka sa mana ba ta kai 50 ba, mu kuma mun aiko da abin da bai tsaya ƙirgawa ba. Ya tambaya ko mun sayi intanet ɗin ne gaba ɗaya cikin dare ba a sanar da su ba. Ya ce ba za su buɗe ba sai mun tabbatar mun gyara, don in suka buɗe a haka sake rufewa zai yi. Ina ajiyewa wani maƙwabcinmu, ƙaramin kamfani irin namu da bai sa iyaka ba, ya kira ya ce ya ga sadaka ta shigo, kafin ya ce amin ta fita.

Baba ya jawo kujera ya zauna kusa da ni.

"Ƙadangare ne," in ji shi. "Wata shekara layi ya mutu, manyan injiniyoyi suka zo da mota biyu da takardu. Na hau turke na buɗe akwati. Ƙadangare."

"Baba, can ɗaki ne mai sanyi, sai da kati ake shiga."

"Ƙadangare ba ya neman kati, ɗana."

Na kira yaron da ke kula da na'urori a gidan ajiyar. Ya fita sayen abinci, gosulo ya riƙe shi, yana zuwa. Na dafe kai.

"To a bi waya," in ji Baba. "Daga nan a kama ta da hannu, a yi ta bi har inda ta tsinke. Ba ta ƙarya. A ba ni kuɗin mota da tocila."

"Wajen kilomita 1,000 ne fa, Baba. Kuma a ƙarƙashin ƙasa take. Zaren gilashi ne, haske ne ke gudu a ciki."

Fuskarsa ta washe.

"Ai da ka faɗa tun ɗazu. Haske ne ya ƙare. A tada inji."

Na so in yi fushi amma ban samu wuri ba. A duk ɗakin shi kaɗai ne bai kalli alamar nan ta bango ya kalle ni ba. Ya ba da shawarar a ɗaga laftof ɗin sama kusa da taga. Ya ba da shawarar a hura bakin wayar a goge ta a riga. Ya tambaya ko an yi ruwa a Lakwaja. Kowacce na ce a'a sai ya gyaɗa kai ya ce shi ma dama bai zaci ita ce ba, ya ciro wata.

Da yaron Legas ya iso ya jona laftof ɗinsa kai tsaye a jikin rautar, abin da ya fara tambaya shi ne ko ya kashe ya kunna. Ɗalibin ya fassara wa Baba. Baba ya buga cinya.

"Ka ji ko! Yaron nan ya samu tarbiyya."

Ni kuwa ihu na yi har sakatariya ta leƙo. Saitin kirki guda ɗaya da ya rage a duniya yana cikin ƙwaƙwalwar BIRD ne, wanda ta ajiye a gefe lokacin da na loda sabo. Fayil ɗin da ke kan faifai nawa ne, mai fili. In aka kashe wuta na kirkin ya tafi, ta farka da nawa. Abin da nake buƙata kalma biyu ce, configure undo, a mayar da ita inda take. Layin waya yana yankewa, sai da na koma harafi-harafi. Baba ya matso da bakinsa kusa da wayar don ya taimaka.

"U, ungulu! N, nama! D, doki!"

"Baba, ba ya jin Hausa."

"Zai koya."

An buga, BIRD ta koma. Saura dillalai su buɗe ƙofa da hannunsu. Na kira, suka ce an sa mu a layi. Muka zauna jira, allon yana nan a daskare, ba wanda ya yi tunanin kashe majigi.

Baba ya juya wajen yarinyar. "'Yata, wai me ya ɓace ne takamaimai?"

"Wata 'yar alama ce, Baba. Sanda ce a tsaye da ɗigo a ƙarƙashinta. Can ya kamata ta zauna."

"Ina ta faɗi?"

Kafin a ba shi amsa ya ɗaga laftof ɗina ya kifa ya girgiza. Ɓawon gyaɗa ya zubo a gaban Yallaɓai, da garin biredi, da wani abu da ban gane ba. Ya tona da yatsa bai samu ba. Ya ciro tocila ya durƙusa ya shiga ƙarƙashin tebur, muna jin gwiwoyinsa suna ƙara. Can sai ya fito da fil ɗin hijabi mai baƙin kai. Ya juya shi, kan yana ƙasa, tsinin yana sama, ya ɗaga.

"Ba ita ce wannan ba?"

Sanda ce a tsaye da ɗigo a ƙarƙashinta. Babu wanda ya iya cewa a'a.

Ya karɓo salatif a wajen sakatariya, ya je bango, ya sa yarinyar ta nuna masa filin. Ya auna, ya matsar kaɗan, ya yi bismilla, ya manna. Bai ɗauke babban yatsansa ba wayar Yallaɓai ta fara ruwan saƙonni. Ta ɗalibin ta kama. Ta sakatariya ta kama daga waje.

Yallaɓai ya dubi waya, ya dubi fil, ya dubi Baba, ya dube ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai dillalan ne suka buɗe daidai..."

Ya ɗaga min tafin hannun hagu. "Bayani sai ƙarshe."

Ya sa hannu a aljihu ya damƙa wa Baba abin goro, ya ce kada wanda ya taɓa fil ɗin nan.

Da tsakar dare na sake aikin, ba majigi. Na sa alamar, na mayar da export limit, na loda function ɗin ita kaɗai na sa BIRD ta ƙirga min hanyoyin da za ta bari su wuce kafin in ɗaura ta a kan kowa. Adadin ya zo daidai da jerinmu. Na buga configure timeout, na duba, na tabbatar. Layukan kuwa tun da yamma na tura wa yarinyar ta duba, ta amsa da kalma ɗaya.

Yau da safe Baba ya tare ni a ƙofa da rasit a hannu.

"Na sayo fakiti guda, Injiniya. Na lura kana zubar da su."